RABUWAR ABOKAN TARAYYA BA TA CIKA SAI KASUWA TA JI

Ya ku malamai da almajirai, da ku attajirai da 'yan kasuwa na ƙasar Ikara da Makarfi da Kudan, ga wata magana da muke so mu ajiye a gabanku yau, ku auna ta da hankalinku. Maganar kuwa ita ce ta rabuwar abokan tarayya, watau mutum biyu ko uku da suka haɗa jari suna ciniki tare, sa'an nan ranar rabuwa ta zo. Ranar haɗuwa kowa ya iya ta. Akan kira malami ya yi addu'a, a raba goro, a gaya wa dillalai da 'yan kamasho cewa daga yau wane da wane hannunsu ɗaya ne. Amma rabuwa sai a yi ta cikin zaure da dare, murya ƙasa-ƙasa, kamar ana binne abin kunya. Kowa ya kwashi nasa ya kama gabansa, kasuwa ba ta ji ba, banki bai ji ba, hukumar da ta yi wa sunan rajista ita ma ba ta ji ba. Abin da muke cewa shi ne, irin wannan rabuwa rabin rabuwa ce, domin hannun mutum ya fita daga riba, wuyansa kuwa yana nan cikin bashi.

Ku dubi yadda cinikin ƙasar nan yake tafiya. Mai sayen rake yakan sayi gona sukutum a fadamun Makarfi ko na Hunkuyi tun raken yana tsaye, ya ba da kafin alƙalami, a yi ta sara ana lodi mako-mako, sauran kuɗi sai kaya sun isa kasuwa. Mai tumatir da tattasai yakan cika mota da kwanduna ta nufi 'Yankaba a Kano ko Mil 12 a Ikko, manomi bai karɓi ko sisi ba, direba ma sai ya sauke. Mai masara yakan tara buhuna a sito da kaka, yana jiran tsadar damina, ko ya kai su Dawanau. Duk wannan ciniki a kan bashi yake tsaye, bashi kuwa a kan suna yake tsaye. Manomin Likoro da ya bari mota ta ɗauki amfanin gonarsa ba takarda ya duba ba. Ya tuna ne cewa wannan yaro abokin tarayyar Alhaji wane ne, Alhaji wane kuwa ba ya cin haƙƙin mutum. To, in Alhajin ya zare hannunsa tun watan jiya, manomi bai ji ba, saboda wa ya ba da kayansa? Ranar da kuɗi suka maƙale, ƙofar wa zai je ya yi sallama?

Kada wani ya zaci wannan mas'ala baƙuwa ce da boko ya zo da ita. Malaman Malikiyya sun tsefe ta tun fiye da shekara dubu da suka wuce, kuma tana nan cikin littattafan da ake karantawa a zaurukanmu. Almajirin da ya kai babin tarayya ya san cewa ta dukiya iri biyu ce. Akwai ta inani, wadda ɗayansu ba ya saye ba ya sayarwa sai da iznin ɗan'uwansa, kamar doki ne da linzaminsa ke hannun mutum biyu. Akwai kuma ta mufawala, wadda kowannensu ya sakar wa ɗan'uwansa hannu, ya saya, ya sayar, ya ba da bashi, ya karɓi biya, ko abokinsa yana nan ko ba ya nan, kuma abin da ya ɗaure ɗaya ya ɗaure ɗayan. Yawancin tarayyar da ake yi a kasuwanninmu wannan ce, ko da masu yin ta ba su san sunanta ba, domin ɗaya yana gona yana sara, ɗaya yana Ikko yana karɓar kuɗi, ba wanda yake jiran wani. Asalin abin wakilci ne, kowannensu wakilin ɗan'uwansa ne a gaban mutane. Tambayar da ta rage ita ce, yaushe ne wannan wakilci yake faɗuwa?

Mudawwana, littafin da Sahnunu na Ƙairawan ya tattara daga bakin Ibnul Ƙasim almajirin Imamu Malik, ta kawo hukuncin a fili. Shi Sahnunu ya rasu a shekara ta 240 ta Hijira, watau 854. Mu buga misali da Zaidu da Amru, yadda malaman nahawu suka saba. Suna tarayya ta mufawala, aka sayar wa wani mutum kaya bashi zuwa ajali, kafin ajali ya cika suka rabu. Ajali ya yi, mutumin ya kawo kuɗi duka ya danƙa wa ɗayansu. In ya biya ne bai san sun rabu ba, ya kuɓuta, ko wanda ya sayar masa ya ba ko wanda bai sayar masa ba, sai su biyu su je su ƙarata tsakaninsu. In kuwa ya san da rabuwar ya biya mutum ɗaya duka, to lamunin rabon ɗayan yana kansa. Ku lura da inda hukuncin ya rataya. Bai rataya ga ranar da suka yi musafaha cikin zaure ba, ya rataya ne ga ranar da labari ya isa kunnen wanda ake bi. Yau ma haka abin yake, sai dai tufafinsa da suka sake. Mutumin 'Yankaba yana da lambar asusun da ya saba tura kuɗi, ya tura, wayar da ke karɓar saƙo tana hannun Amru, Amru ya ci. Zaidu ba shi da ta cewa ga mai biya, tun da shi ne ya yi shiru.

Ga wani hukunci kuma a Muhtasar na Shaihu Halilu, wanda alƙalan ƙasar nan suka daɗe suna shari'a da shi. Muddin tarayyar mufawala tana nan, in ɗayansu ya yi iƙirari cewa wane yana bin su bashi, kuma wanen ba wanda ake tuhumarsa da son kai gare shi ba ne, kamar ɗansa ko amininsa, to iƙirarin ya hau kansu su biyu. Amma in bayan rabuwa ya yi shi, ko bayan mutuwar abokinsa, sai ya hau kan rabonsa shi kaɗai. Ga rabon ɗan'uwansa kuwa matsayinsa ya koma na shaida, sai mai da'awa ya haɗa da rantsuwa kafin ya ci. Ashe kalma ɗaya daga baki ɗaya, jiya hukunci ce a kan mutum biyu, yau shaida ce kurum, kuma ba abin da ya shiga tsakani sai ranar rabuwa. To, in ba a rubuta wannan rana ba, ba a kafa mata shaidu ba, da me alƙali zai gane ko iƙirarin ya riga rabuwa ko rabuwa ta riga shi? Zaidu ya ce tun kafin azumi muka rabu, Amru ya ce sai bayan Babbar Salla. Tsakanin azumi da layya kuwa mota nawa ta tashi daga tasha?

Kada kuma a ɗauka cewa da an ce an rabu, hannun kowa ya ɗaure nan take. Akwai aikin da aka fara wanda ba ya jiran fushi ya huce. Tumatir da ke kan hanyar Ikko ba ya sanin an yi saɓani a Ikara, in ba a sauke shi an sayar ba ruɓewa zai yi. Raken da aka saya tsaye tilas a gama saransa, ko mai gona ya ci tara a kan jinkiri. Malamai sun san da wannan, shi ya sa suka yi bayaninsa a babin ƙirali, watau mutum ya ba wani jari ya juya, su raba riba bisa abin da suka yanka. Kafin a fara aiki kowannensu yana iya fasawa. In aka fara, aka sayi kaya ko aka yi tafiya da kuɗin, sai a saurara har kaya su koma kuɗi. Risala ta Ibnu Abi Zaid ta tabbatar cewa ba a raba riba sai uwar kuɗi ta dawo tsaba. In ɗaya ya matsa a sayar yanzu, ɗaya ya ce a jira kasuwa ta tashi, kamar yadda masu ajiyar masara suke yi kowace shekara, alƙali ne zai duba abin da ya fi maslaha ya yanke. Saboda haka ikon abokin tarayya bayan rabuwa yana nan, amma gajere ne. Na ƙarasa abin da aka fara ne, da karɓo bashi, da biyan bashi. Sabuwar gonar rake ba ta cikinsa, sabon lodi ba ya cikinsa.

Yanzu mu juya ga dokar gwamnati, domin ɗan kasuwar yau ƙafarsa ɗaya tana gaban alƙali, ɗaya tana gaban lauya, ko ya so ko ya ƙi. Turawan Ingila sun tsara dokarsu ta tarayya a 1890. Ta shigo ƙasar nan tare da sauran dokokin Ingila da ke aiki ranar 1 ga Janairu 1900, kuma dokokin tarayya da aka rubuta a Nijeriya daga baya, kamar ta Jihar Yamma ta 1959, a kan tubalinta aka gina su. Wanda ya karanta ta bayan ya karanta Mudawwana sai ya yi murmushi, domin rijiya ɗaya aka tarar ta hanya biyu. Ta ce kowane abokin tarayya wakilin sauran ne cikin cinikin da suka saba. Ta ce wanda ya fita ba ya kuɓuta daga bashin da aka ci yana ciki, sai in masu bin bashin sun yarda sun sake shi. Ta ce wanda ya saba hulɗa da su yana da haƙƙin ya ci gaba da ɗaukar tsofaffin abokan a matsayin suna nan, har sai sanarwa ta same shi. Wanda bai taɓa hulɗa da su ba, sanarwa a Gazet, jaridar gwamnati, ta isar masa, amma tsohon abokin ciniki sai an sanar da shi shi kansa. Ta ba kowane ɗayansu ikon ya yi shelar rabuwa, ya kuma tilasta wa ɗan'uwansa sa hannu inda ake bukata. Game da ikon da ya saura bayan rabuwa, ita ma ta tsayar da shi ga ƙarasa abin da aka fara da tattara dukiya don rabo.

Shari'u biyu da aka yi a Ingila sun isa wa'azi. Ta farko ta kai har Majalisar Sarakunan Ingila a 1882, wadda ita ce kotun ƙoli ta ƙasar a wancan zamani. Wani mai suna Scarf yana tarayya da wani Rogers, ya fita, wani Beech ya maye gurbinsa, suka ci gaba da ciniki da tsohon suna. Wani Jardine, wanda ya daɗe yana ba su kaya, ya sake ba da kaya bashi bai san Scarf ya fita ba. Alƙalai suka ce Jardine yana da zaɓi, ko ya bi tsofaffin abokai da ya zaci suna nan, ko ya bi sababbin da suka karɓi kayan. Abin da ya fid da Scarf shi ne Jardine ya riga ya kai ƙarar sababbin bayan ya ji labari, aka ce wanda ya zaɓa ba ya komawa. Da ƙofar Scarf ya fara bugawa, da Scarf ya biya kuɗin kayan da bai ko gan su ba.

Ta biyu an yanke ta a 1949. Wani Ingram da wani Christmas suna cinikin kayan ɗaki tare, suka rabu a 1947. A 1948 Christmas ya sayi kaya bashi daga kamfanin Tower Cabinet, ya rubuta musu a kan tsohuwar takardar shago mai ɗauke da sunan Ingram a samanta, bai biya ba. Kamfanin ya bi Ingram. Kotu ta sake shi, domin kamfanin bai san shi abokin tarayya ba ne tun yana ciki, kuma ba da saninsa aka yi amfani da takardar ba. Ya kuɓuta, amma sai da ya sha zaman kotu a kan takarda guda da aka manta ba a ƙona ba. Ku tuna da littafin rasit da hatimi da allon ƙofar shago da kuka bari a hannun tsohon abokinku.

Sai maganar rajista, wadda a da ta manyan birane ce, yau kuwa ta shigo har Paki da Gubuci. Dokar rajistar sunayen kasuwanci ta 1961 ta ba da wuri ga dokar kamfanoni ta 1990, wadda ta kafa Hukumar Rajistar Kamfanoni da ake kira CAC, ita kuma aka sabunta ta da dokar da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu ranar 7 ga Agusta 2020. A wannan shekara ta 2020 gwamnatin tarayya ta ɗauki nauyin yi wa sunayen kasuwanci 250,000 rajista kyauta, a 2024 kuma hukumar ta umarci masu sana'ar POS su yi rajista. Ta haka samari da yawa suka sami takardar shaida, wasu su biyu ko su uku a kan suna ɗaya, suka kai banki aka buɗe musu asusu. An koya musu ƙofar shiga, ba a nuna musu ta fita ba. Ga ta nan. Masu ciniki da wani suna wanda ba sunayensu na gaskiya kaɗai ba, doka ta ba su kwana 28 daga fara ciniki su yi rajista. In wani abu ya sake daga abin da aka rubuta, kamar fitar ɗaya ko shigar wani, kwana 28 ne kuma a sanar da hukuma. In an daina cinikin ɗungum, cikin wata uku a kai sanarwa domin a cire sunan daga littafi. Muddin ba a cire shi ba, ana bin masu shi bayanin shekara-shekara kafin ƙarshen watan Yuni, in ba su kai ba tara tana taruwa. Wanda ya bar sunansa a littafin hukuma ya bar wa mai ƙara hujja mafi sauƙi, domin lauya ba zai wahala ba, sai ya buɗe kwamfuta ya nuna wa kotu cewa har yau wane yana ciki.

Mu kuma kawar da wani ruɗu. Rajistar sunan kasuwanci ba ta mai da shago wani mutum dabam mai ɗaukar bashin kansa. Bashin yana wuyan masu sunan, har gonakinsu da gidajensu. Kamfani cikakke shi ne wanda bashinsa yake tsayawa ga dukiyarsa, kuma dokar 2020 ta buɗe wata irin tarayya mai wannan sifa ga wanda ya nema, amma rajistarta dabam ce. Waɗanda kuma suke cewa mu ba mu taɓa yin rajista ba, saboda haka wannan magana ba ta shafe mu ba, su sani cewa tarayya tana ƙulluwa a idon doka da zarar mutane sun haɗu suna ciniki don riba, ko da takarda ko babu. Rashin rajista ya rage musu zuwa ofis ɗaya ne kurum, bai rage musu sanar da mutane ba.

Banki kuwa ba ya jin labarin kasuwa, abin da aka rubuta masa ya sani. In ranar buɗe asusu an ce kowane ɗaya yana iya sa hannu shi kaɗai, to haka zai ci gaba da biya har ranar da takarda ta zo ta soke wannan izni. Yau ma ba sai an je banki ba, wanda layin waya da katin cirar kuɗi suke hannunsa, asusu yana aljihunsa. Saboda haka a je tare, a rufe asusun ko a sake sharaɗinsa, tun kafin a raba buhu ɗaya.

Akwai rabuwar da ba a shawara da kowa, ita ce mutuwa. Fiƙihu da doka sun haɗu a kan cewa mutuwar ɗaya tana warware tarayya, sai dai doka ta ce in an yi yarjejeniyar ci gaba tun farko, a bi ta. Daga wannan sa'a rabon mamaci ya zama na magada, cikinsu sau da yawa akwai marayu. Nan ne mutanen kirki suke faɗawa rami da kyakkyawar niyya. Mai rai yakan ce bari in ci gaba da juya kuɗin don yaran, ba lissafi, ba wasiyyi, ba iznin alƙali. In an yi riba ba wanda ya san nawa ce, in an faɗi a ce ƙaddara ce, bayan shekara goma yaro ya girma ya zo yana tambaya, zumuncin uba ya koma gaba. Dokar 1890 ta ce wanda ya ci gaba da juya rabon mamaci ba a yi lissafi ba, magada suna da zaɓin su karɓi ribar da rabon ya jawo, ko ruwa biyar bisa ɗari a shekara. Musulmi ba ya karɓar na biyun, na farkon kuwa ba ya fitowa sai da littafi. A ƙirali malamai sun ce in mai juya kuɗi ya mutu kaya ba su koma kuɗi ba, magajinsa yana iya ƙarasawa in amintacce ne, ko ya kawo amintacce. Hanya mai tsira ita ce a ƙirga dukiya tun ana zaman makoki, a gaban shaidu, in magada suna so a ci gaba a ƙulla sabuwar tarayya da wanda shari'a ta ba ikon magana a madadinsu.

Mun san abin da wasu za su ce. Za su ce shelar rabuwa tonon asiri ce, masu bin bashi za su taso gaba ɗaya, maƙiya su yi dariya, wanda aka bari da shago kuma darajarsa ta faɗi. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, ba mu raina ta ba, domin rufin asiri jari ne ga ɗan kasuwa. Amma a bambanta abu biyu. Dalilin rabuwa asiri ne, a rufe shi, ba wanda ya ce a faɗi wanda ya ci amanar wani. Aukuwar rabuwa kuwa haƙƙin mutane ce, domin da ita suke yanke shawarar wanda za su ba dukiyarsu. In darajar wanda ya saura ba ta tsayawa sai mutane sun zaci Alhaji yana bayansa, ashe da rigar aro yake cin bashi, kuma wanda ya ba shi kaya a kan wannan zato an ruɗe shi. Shirun da ke jawo wa manomi asara ba kunya ba ce, algus ne, ko da ba a yi nufinsa ba. Masu bin bashi kuwa gara su zo yau, kaya suna sito, mutum biyu suna tsaye, da su zo baɗi su tarar da ɗaya ya tsere ɗaya yana rantsuwa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Wasu kuma za su ce rubutu tsakanin 'yan'uwa rashin yarda ne. Malamai su amsa musu. Ayar da ta fi kowace tsawo cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma Sahabbai aka fara yi wa wannan umarni, waɗanda ba mu kai su amana ba. A Suratu Sad kuma, cikin ƙissar Annabi Dawuda, an faɗakar cewa da yawa daga masu cuɗanya dukiya sashinsu yana zaluntar sashi. Tsakanin harshe da haƙori ma akan saɓa. Takarda ba ta hana yarda, mantuwa da mutuwa take tsare wa.

To, ga abin da muke ba da shawara, a taƙaice. Da fari a zauna a yi lissafi, a ƙirga kuɗin hannu da na banki, da kayan sito, da na kan hanya, da gonakin da aka saya ba a gama sara ba, da bashin da ake bi da wanda ake bin su, kowanne da sunan mai shi. Na biyu a bi tsarin biya. Mutanen waje su ne farko, sa'an nan rancen da ɗayan abokan ya yi wa tarayya bayan jarinsa, sa'an nan uwar kuɗi, abin da ya saura shi ne riba. A tarayyar dukiya Malikiyya sun ce riba da hasara bisa gwargwadon jari suke, wanda ya zuba kashi biyu cikin uku ya ɗauki biyu cikin uku na daɗi da na ɗaci. Dokar Turawa kuwa daidai take rabawa in ba a yi wani sharaɗi ba, saboda haka a rubuta wanda aka bi. Na uku a rubuta takardar rabuwa, da ajami ko da boko, da kwanan wata na Hijira da na Turawa, a ambaci wanda aka wakilta ya karɓo kowane bashi da wanda zai ƙarasa kowane lodi, da ranar da wakilcinsa zai ƙare, shaidu biyu adalai su sa hannu, kowa ya riƙe tasa. Na huɗu a sanar. A gaya wa Sarkin Kasuwa da shugabannin 'yan rake da 'yan gwari, da dillalai da fatoman da ake sauka gidansa, kuma duk wanda aka taɓa ba kaya ko aka karɓi nasa a aika masa shi kansa, ko da saƙon waya ne, a adana saƙon. Kalmomin ba su da yawa: wane da wane sun raba jari ran kaza ga wata kaza cikin mutunci, wanda yake bin su ya zo wurin wane kafin rana kaza, wanda suke bi ya biya wane, cinikin da ɗayansu ya ƙulla bayan wannan rana nasa ne shi kaɗai. Na biyar a je banki, a kai wa hukumar rajista sanarwa cikin kwanakin da doka ta yanka, a sauke allo, a ƙona sauran rasit, a fasa hatimi.

Kotunan shari'a da aka kafa a Jihar Kaduna a 2001, zamanin Gwamna Ahmed Muhammad Makarfi, ƙofarsu a buɗe take, amma alƙali ba ya ganin gaibu, da shaida yake hukunci. Wanda ya je masa da takarda mai kwanan wata ya taimake shi ya taimaki kansa, wanda ya je da rantsuwa kaɗai ya ɗora wa kansa abu mai nauyi. Muna roƙon malamai, in almajiri ya kai babin tarayya, kada a wuce shi da fassara kurum, a buga masa misali da rake da tumatir, domin gobe shi za a kira ya rubuta wa mutane takarda. Muna roƙon sarakunan kasuwa su ajiye littafi guda na haɗuwa da rabuwa, wanda duk mai shakka zai zo ya duba kafin ya ba da kayansa. Ku kuma attajirai, yadda kuka kira mutane suka shaida haɗuwarku, ku kira su su shaida rabuwarku, a yi addu'a a raba goro kamar ranar farko. Allah Ya sa albarka cikin nema, Ya raba mu da haƙƙin mutane. Haza wasalam.